Sabon katin hoto na Intel: Ko zai tsira daga abin da ya kashe Voodoo?

A watan Disamban 2024 ne kamfanin Intel na Amurka ya fitar da sabon katin hoto na kwamfuta mai suna Arc B580 a kan dala 249.

Katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta, kuma shi masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo suka fi dogara da shi.

B580 ya zo da ma'adana mai gigabait 12, alhali RTX 4060 na kamfanin Nvidia yana da gigabait 8 a kan dala 299 a lokacin. Masu gwajin na'urori sun yaba masa, kuma kason farko ya ƙare a shaguna cikin ƴan kwanaki.

Sai dai waɗanda suka daɗe a harkar sun san cewa an taɓa yi wa wani kati irin wannan yabo, kuma bai hana kamfaninsa rugujewa ba.

Tashe da faɗuwar Voodoo

A 1996 kamfanin 3dfx da ke jihar Kalifoniya ya fitar da Voodoo Graphics, katin da ya sauya kamannin wasanni irin su Quake da Tomb Raider. Voodoo2 ya biyo baya a 1998, har ana iya haɗa biyu a kwamfuta ɗaya domin ƙarin gudu.

A lokacin 3dfx ƙwaƙwalwar katin kawai yake ƙerawa, yana sayar wa kamfanoni irin su Diamond da Creative su harhaɗa su kai kasuwa.

A ƙarshen 1998 sai ya sanar da sayen kamfanin STB domin ya riƙa haɗa katinsa da kansa. Tsofaffin abokan cinikin nasa suka juya suka koma wajen Nvidia.

Daga nan jinkiri ya shigo. Nvidia ya fitar da GeForce 256 a 1999, shi kuwa Voodoo5 bai iso ba sai tsakiyar 2000. Babban samfurinsa, Voodoo5 6000, bai taɓa shiga kasuwa ba.

A Disamban 2000 Nvidia ya amince ya sayi kadarorin 3dfx a kan dala miliyan 70 da hannun jari miliyan ɗaya. A 2002 kamfanin ya bayyana karayar arziki.

Wa ya yi asara?

Kowane kati yana buƙatar wata manhaja da ake kira direba, wadda ke fassara masa umarnin kwamfuta. Dole a riƙa sabunta ta duk lokacin da sabon wasa ko sabon Windows ya fito.

Da 3dfx ya rufe, babu mai sabunta direban Voodoo a hukumance. Lokacin da Windows XP ya fito a 2001, masu katin sun koma dogaro da gyare-gyaren da masu sha'awa ke yi a kyauta. Kati lafiyayye ya tsufa a hannun mai shi tun kafin ya lalace.

Inda Intel ya yi kama, da inda ya bambanta

Direba ne ya fara ba Intel ciwon kai. Katunansa A750 da A770 na 2022 sun sha suka saboda tangarɗa a tsofaffin wasanni, ko da yake ya gyara da yawa daga baya.

Bai maimaita kuskuren STB ba, domin kamfanoni irin su ASRock da Sparkle suna haɗa katunan Arc suna sayarwa. Kuma ba kamar 3dfx ba, katin hoto ƙaramin ɓangare ne na kasuwancinsa.

Amma aljihunsa ya girgiza. Intel ya yi asarar kusan dala biliyan 19 a 2024, shugabansa Pat Gelsinger ya sauka a watan da B580 ya fito, sannan an sallami dubban ma'aikata. Kamfanin da ke rage kashe kuɗi yakan fara duba sassan da ba sa kawo riba sosai, ga shi kuma Nvidia na riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na wannan kasuwa.

A Satumban 2025 Nvidia ya sanar da zuba dala biliyan 5 a Intel, tare da shirin haɗa fasahar hotonsa da ƙwaƙwalwar Intel. Wato kamfanin da ya haɗiye 3dfx yanzu yana da hannun jari a gidan da ke ƙera Arc.

Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah. Mai shirin sayen B580 zai samu kati mai sauƙin kuɗi da ma'adana mai yawa, amma tsawon amfaninsa ya rataya ne a kan shekarun da Intel zai ci gaba da sabunta masa direba.