Kafin Ka Sayi Na'urar Kwashe Kaset ɗin Bidiyo, Ka Fara Tambayar Kwamfutarka

Daga Wakilinmu

A gidaje da yawa na ƙasar nan, in mutum ya buɗe tsohuwar akwati ko ya leƙa saman kabad, zai tarar da kaset-kaset na bidiyo jibge, ƙura ta lulluɓe su. Akwai na ɗaurin aure da na suna, akwai na hawan salla da na naɗin sarauta, akwai na tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, har da finafinan Hausa na farko-farko, tun daga zamanin Turmin Danya wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990. Da yawa daga cikin fuskokin da ke cikin waɗannan kaset ba su nan yau, kuma ba a bar wani hotonsu mai motsi ba sai wannan.

Shi wannan kaset, watau VHS, kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da shi a 1976. Kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera akwatin kunna shi, ya tsai da aikin a watan Yuli na 2016, wato shekara arba'in bayan fitowarsa. Ke nan duk akwatin bidiyon da ya rage a hannun mutane tsoho ne, in ya mutu sai dai a nemi na gwanjo. Zaren kaset ɗin ma ba ya shiri da zafi, ba ya shiri da laima, funfuna na kama shi, launinsa na disashewa. Saboda haka mutane suka dukufa neman hanyar juye abin da ke ciki zuwa kwamfuta tun kafin ya salwanta.

Hanyar kuwa ita ce wata 'yar na'ura da ba ta wuce tsawon yatsa biyu ba, wadda ake samu a kasuwannin kayan lantarki irin su Alaba da Computer Village na Ikeja da Farm Centre ta Kano. Gefe ɗaya ana cusa ta a kafar USB ta kwamfuta, ɗaya gefen kuwa wayoyi ne suka fito, mai ruwan ɗorawa ta hoto, ja da fara na murya. Aikinta shi ne ta karɓi hoton da akwatin bidiyo ke fitarwa ta mai da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa. A baki abin da sauƙi. Amma wani maƙwabcina da ya so ya ceto kaset ɗin bikin iyayensa sai da ya sayi irin wannan na'ura har biyu, ta farko kwamfutarsa ta ƙi saninta sam, ta biyu kuma ta kawo hoto baƙi da fari yana tsalle kamar an tsikare shi. Ya koma wa mai shago, mai shago ya rantse kayansa lafiya lau suke. Abin mamaki, da gaskiyarsa. Na'urar ba ta lalace ba, jininta ne bai haɗu da kayan da aka haɗa ta da su ba.

To, mai karatu, ina wannan rashin jituwa yake fitowa? Wuri na farko, kuma mafi yawan ɓata wa mutane kuɗi, shi ne wurin tafinta. Kowace na'ura da aka cusa wa kwamfuta tana bukatar wata 'yar manhaja da za ta fassara maganarta, wadda masu gyara ke kira direba. Waɗannan na'urori masu araha, waɗanda aka fi sani da sunan EasyCap, ba kamfani ɗaya ke yin su ba. Kwalinsu iri ɗaya, launinsu iri ɗaya, amma ƙwaƙwalwar da ke cikinsu daban-daban ce. Wata tana ɗauke da STK1160 ta kamfanin Syntek, wata UTV007, wata kuma ta kamfanin MacroSilicon. Direban wannan ba ya yi wa waccan aiki. Faifan da ake sakawa cikin kwalin ma sau da yawa an tanade shi ne tun zamanin Windows XP ko Windows 7, alhali kuwa Windows mai bit 64 ba ya karɓar direban da ba shi da hatimin amincewa. Ga shi kuma yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da ko wurin saka faifai.

Akwai dabarar gane gaskiyar abin da ke cikin kwali ba tare da an fasa shi ba, kuma na fi so mai saye ya yi ta a gaban mai shago. A cusa na'urar a kwamfuta, a buɗe Device Manager, a nemi sabon abin da ya bayyana, a shiga bayanansa a duba lambobin shaidarsa. Za a ga lamba biyu, ɗaya bayan haruffan VID, ita ce ta kamfanin da ya ƙera, ɗaya bayan PID, ita ce ta samfurin kansa. Misali, 05E1 da 0408 na nufin STK1160 ce. 1B71 da 3002 na nufin UTV007 ce. In kuwa ta farkon 534D ce, to ta MacroSilicon ce. Da wannan lamba ake neman direban da ya dace, ba da sunan da aka buga a kwali ba, domin suna kowa na iya bugawa. In aka ga alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa kusa da sunan na'urar, kwamfuta na cewa ne ta ga baƙo amma ba ta jin yarensa.

Wanda yake son hutawa da wannan duka, ya nemi na'urar da aka rubuta UVC a jikin bayaninta. Wannan wata ƙa'ida ce da aka shimfiɗa tun 2003, wadda kyamarorin kwamfuta ke bi, kuma Windows da macOS da Linux duk sun zo da tafintanta a cikinsu. Irin wannan da an cusa ta sai aiki. Wannan ya fi muhimmanci ga masu kwamfutar Apple, musamman waɗanda suka fito daga 2020 zuwa sama masu ƙwaƙwalwar M1 da ƙannenta, domin tsofaffin direbobi da yawa ba su da wurin zama a cikinsu. Sai dai a faɗi gaskiya, sauƙin haɗawa ba shi ne kyawun hoto ba. Wasu masu arahar cikinsu kan matse hoton su rage masa kyau tun kafin ya isa kwamfuta.

Wuri na biyu shi ne wanda ya kā da maƙwabcin nan nawa, kuma tushensa ya girmi kwamfutar kanta. A zamanin talabijin na dā, duniya ta kasu uku wajen tsarin hoto mai launi. Nijeriya da Ghana da Kamaru da Ingila da Jamus suna kan PAL, mai layi 625 da hoto 25 a kowane sakan. Amurka da Japan suna kan NTSC, mai layi 525 da hoto kusan 30 a sakan. Faransa kuwa ta yi nata, SECAM, kuma ƙasashen da ta raina da dama, har da Jamhuriyar Nijar, suka bi ta. Na'urori da yawa suna zuwa ne a saite kan NTSC, don haka in aka ba su kaset ɗinmu na PAL sai launi ya gudu, hoto ya riƙa birgima. Maganin ba ya wuce shiga cikin saitin manhajar a zaɓi PAL, a kuma sa girman hoton 720 sau 576. Da maƙwabcina ya san haka, da bai yi tattaki zuwa kasuwa sau uku ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne kaset ɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, ko wanda aka ɗauko daga shirin talabijin a Maraɗi ko Damagaram. A nan ba na'urar kaɗai ake dubawa ba, har da akwatin bidiyon. Kaset ɗin SECAM in aka sa shi a akwatin da PAL kawai ya sani, hoton zai fito amma babu launi. Shi kuma na NTSC, akwatunan Turai da yawa kan kunna shi ta wata hanya ta tsaka-tsaki da ake kira PAL-60, wadda talabijin ke karɓa ba musu amma na'urori da yawa ba sa ganewa. Saboda haka ganin hoto ya fito tangaran a talabijin ba hujja ba ce cewa zai shiga kwamfuta haka. Wanda ke da irin waɗannan kaset ya nemi akwatin da ke kunna kowane tsari a kan asalinsa, ya kuma tabbata na'urar ta ambaci tsarin da sunansa.

A dubi bayan akwatin ma. Na gwanjo da ake kawowa daga Turai galibi suna da wata faffaɗar kafa mai fil 21 da ake kira SCART, maimakon ramukan nan uku masu launi. Ana samun mahaɗinta, amma a lura, wani yana da ɗan makunni na shiga da fita, in ba a tura shi wajen fita ba, sai a zauna ana kallon baƙin allo ana zargin na'ura.

Masu ƙananan kaset na MiniDV, irin waɗanda masu ɗaukar biki suka yi yayi daga ƙarshen shekarun 1990, nasu lamarin daban ne. Hoton da ke cikinsu tun asali lambobi ne, kuma ƙofarsa ita ce FireWire, wadda kamfanin Sony ke kira i.LINK. Ta wannan ƙofa hoton ke shiga kwamfuta ba tare da ya rasa kome ba, kowace sa'a ɗaya tana cin wajen gigabait 13. Kwamfutocin yanzu ba su da wannan kafa. Mai babbar kwamfuta ta kan tebur zai iya sa a dasa masa katinta a ciki, mai ta hannu kuwa gara ya nemi tsohuwa mai ita. Akwai wata waya da ake sayarwa, kai ɗaya FireWire ɗaya kan USB. Kada a ɓata kuɗi a kanta. Waɗannan hanyoyi biyu ba yare ɗaya suke yi ba, kuma waya zalla ba ta iya fassara tsakaninsu.

Batun ƙarfin kwamfutar kuwa bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Hoton VHS da ba a matse ba yana bukatar kimanin megabit 166 a sakan, alhali kafar USB 2.0 an tsara ta a kan 480, don haka ta wadatar, muddin an cusa na'urar kai tsaye ba ta cikin mahaɗin da ya tara wasu kaya ba. Sai mai son ɗaukar hoto mai girma ta wayar HDMI ne zai nemi USB 3.0, wadda galibi ake ganewa da shuɗin harshen da ke cikinta. Abin da ya fi cancanta a lissafa shi ne wurin ajiya. Sa'a guda ta hoton da ba a matse ba na iya cin fiye da gigabait 70. Sannan in ma'ajin da za a zuba aikin yana kan tsarin FAT32 ne, kamar yadda ƙananan filasha da yawa suke, ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, sai aikin ya yanke ana tsakiyar kamun amarya.

Manhajar ɗauka ba sai an saya ba, OBS Studio kyauta ce, kuma tana nuna nan take ko kwamfuta ta ga na'urar ko ba ta gani ba. A tuna murya ƙofarta daban, wajibi ne a zaɓi na'urar a matsayin mai kawo sauti, in ba haka ba kwamfuta za ta ɗauki surutun ɗakin da ake zaune maimakon guɗar da ke cikin kaset.

Ni dai shawarata ga mai niyyar saye ita ce ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi da ita kasuwa, ya gwada a wurin, ya kuma yi sharaɗin mayarwa kafin ya miƙa kuɗi. In ya dawo gida, kada ya fara da kaset ɗin da ya fi ji da shi. Ya nemo wanda ba a damu da shi ba ya gwada minti goma, domin tsohon akwati kan tauna zare, kuma zaren da ya tattauna ba ya komawa daidai. Ya saurari muryar daga farko da ƙarshe, ya ga ko tana tafiya tare da motsin baki. Kaset mai farin funfuna a jikin zarensa kuwa a kai shi a tsabtace tukuna, don kada ya toshe kan akwatin ya ɓata na bayansa. Aikin ba ya gaggautuwa: kaset mai lamba E-180 sa'a uku cur yake ɗauka, daidai da tsawonsa, don haka a tabbatar da wuta ko cajin batir na sa'a uku kafin a danna maɓallin kunnawa.