Taswira a Kan Babur: Yadda Za Ka Ɗaura Waya Ka Ba Ta Wuta Ba Tare da Asara Ba



Bara, lokacin da nake SIWES a Kaduna, ogan da nake ƙarƙashinsa ya aike ni in kai wa wani kwastoma kayan sola a wata unguwa da ban taɓa shiga ba. Aka turo min lokeshin ta WhatsApp, na hau babur ɗin yayana, na riƙe waya a hannun hagu ina tafiya ina leƙen taswira. Kun dai san hannun hagu shi ne na kulochi. Ban ankara ba sai ga rami, na kai hannu zan matse kulochi, waya ta suɓuce. Kafin in taka burki in juyo, wani mai Keke Napep ya bi ta kanta. Ni ban ji ciwo ba, alhamdulillahi, amma hotunan aikin wata biyu da zan cike logbuk da su, da handawut ɗin da na tara, da lambobin mutane, duk suka tafi.

Da yawanmu a makarantar nan da babur muke zuwa lakca, wasu kuma da shi suke kai saƙon kaya bayan an tashi don su haɗa kuɗin rajista. Waya kuwa ita ce jarin ɗalibi: banki yana ciki, gurup ɗin aji yana ciki, furojet yana ciki. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya, wani a aji a sashenmu na lantarki, wani a garejin bakanike, wani kuma da kuɗin aljihuna. Abu ɗaya kafin mu shiga: Hausa tana kiran ta magana waya, ta wuta ma waya. A nan idan na ce waya, ta magana nake nufi. Ɗayar zan ce mata wayar wuta.

Mariƙin waya

Holda iri uku aka fi gani a kasuwa. Akwai mai kama ƙarfen kan babur, akwai wadda ake ɗaurewa a gindin madubi, akwai kuma mai jaka da zif da fuskar leda. A ganina ta farko ta fi, musamman ta ƙarfe mai noti. Yawancin ƙananan babura da muke hawa kaurin ƙarfen kansu milimita 22 ne, don haka ka duba ko bakin holdar zai kama shi tsam. Ta gindin madubi ta fi rawa, saboda tana da dogon wuya, kuma duk tsawon wuya duk yawan kaɗawa. Ta roba mai araha kuwa, rana tana busar da ita ta tsage ba sallama. Araha ba ta ado.

Idan za ka saya, je da wayarka ka gwada. Ka tabbata haƙoran holdar sun riƙe kusurwa huɗu ko gefe biyu da ƙasa, ba su danne maɓallin ƙara sauti ko na kashewa ba, kuma ba su toshe wurin caji ba. Bayan ka ɗaura, juya kan babur dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe. Kada waya ta taɓa tanki, kada ta rufe maka mitar gudu ko wurin makulli, kada ta ja kebul ɗin burki ko na kulochi. Sa wosha mai sifirin a ƙarƙashin noti, kuma ka riƙa taɓa shi duk sati, don hanyoyinmu suna kwance noti a hankali.

Sannan ka yi mata tsaro na biyu. Ni na yanko siririyar roba daga tsohon tiyub na zagaya kusurwoyin wayar da ita. Ba ta da kyan gani, amma ranar da holda ta saki, ita za ta riƙe.

Girgiza da zafin rana

Wannan shi ne abin da mutane ba su cika sani ba. Wayoyi masu tsada da yawa gilashin kyamararsu ba a kafe yake ba; yana reto ne a kan 'yan ƙananan sifirin da maganaɗisu, domin idan hannunka ya yi rawa hoto ya fito tsaf. An yi shi don rawar hannu, ba don karkarwar inji ta awa da awanni ba. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin babur tana iya lalata wannan tsari a kyamarar iPhone. Ya ce kada a ɗaura ta a kan manyan babura masu ƙarfi, a kan ƙanana kuma a sa mariƙi mai rage girgiza, kuma kada a mayar da abin na kullum. Duk wayar da ke da irin wannan kyamara tana cikin haɗarin. Alamar ita ce hoto ya riƙa rawa ko ya ƙi daidaita, wani lokaci har ka ji ɗan ƙara daga kyamarar.

Magani biyu ne. Ko ka nemi holda mai robobin tsotse girgiza a tsakanin ƙarfe da waya, ko kuma, wanda ya fi, ka ware tsohuwar waya don taswira kawai, ta kirkin tana aljihu. Wannan yana maganin wata matsalar ma: masu ƙwacen waya. Waya mai sheƙi a kan babur a cikin go-sulo kira ce. Ko wacce ka ɗaura, da ka tsaya za ka sauka, ko da sayen ruwan leda ne, cire ta.

Sai zafi. Apple ya ce an ƙera iPhone ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa a watan Afirilu zafi yana haura 40 a garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri. Ga rana tana dukan fuskar waya, ga haske ka ƙure, ga GPS yana aiki, ga caji yana shiga. Kowanne zafi yake ƙarawa. Idan abin ya yi yawa, waya za ta rage haske, ta daina caji, ko ta kashe kanta, kuma batirinta yana tsufa da wuri. Holda mai jaka ta fi kowacce muni a nan, don iska ba ta shiga, tamkar ka sa waya a tanda. Ajiye ta sai damina. Lokacin zafi cire kwandon wayar idan holda za ta riƙe ta haka, ka karkata fuskarta kada ta kalli sama.

Ba ta wuta

Batirin babur bolt 12 ne, idan inji yana aiki yakan kai wajen 14. Waya kuwa bolt 5 take karɓa ta USB. Saboda haka dole a sa 'yar na'urar da ke sauke wutar, wato cajar USB ta babur. Nemi mai ba da akalla amp 2, mai murfin roba saboda ruwa da ƙurar hunturu. Mai amp 1 sau da yawa ba ta iya cike abin da taswira da hasken fuska suke ci. Za ka ga alamar caji amma batir yana sauka.

Ga lissafin. Bolt 5 sau amp 2 ya ba da wat 10. A ɓangaren babur, wat 10 a kan bolt 12, da ɗan abin da ke ɓacewa a zafi, kusan amp 1 ke nan. Babur mai lafiyayyen caji zai ɗauki wannan yana tafiya. Amma kada ka kashe inji ka zauna a majalisa kana caji, batirin babur ƙarami ne.

A nan na yi kuskurena na biyu. Da na sayi caja, sai na haɗa ta kai tsaye da kan batir. Muka tafi hutu na bar babur a gida. Da na dawo na buga kik ya tashi, amma ba hon, ba tirafiketa. Na kai wa wani dattijon bakanike mai wayarin, ya buɗe ya duba ya yi dariya.

"Injiniya, kai ka haɗa wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "To ai ka bar famfo a buɗe ka yi tafiya. Wannan 'yar fitilar tata da kake gani, ko da makulli yana aljihunka tana sha."

Gaskiyarsa. Caja tana jan 'yar wuta ko ba a sa mata waya ba. Mu ɗauka miliamp 10 take ja: a kwana ɗaya 0.24Ah ke nan, a kwana goma ta kusa cinye rabin batir mai 5Ah. Don haka ƙa'idar ita ce a ɗauko wuta daga layin da makulli ke kunnawa, kamar wanda ke kai wuta ga hon ko ga makunnin fitilar burki. Ka kashe makulli, caja ta mutu. In ba haka ba, sayi mai makunni a jikinta, amma fa sai ka riƙa tunawa.

Kada ka ɗauka daga fitilar gaba. A babura da yawa wutarta AC ce daga kwayil kai tsaye. Za ka gane haka idan fitilar ba ta kamawa sai inji ya tashi, kuma tana ƙara haske idan ka ja totur. Caja DC take so.

Kada kuma ka yarda da launi kawai. A aji mun saba ja shi ne mai wuta, baƙi shi ne at. A tsarin Honda, wanda baburan Chana da yawa suka kwaikwaya, kore ne at, baƙi kuwa shi ne mai wuta bayan makulli. Wasu kamfanonin nasu launin daban ne. Ara mita a wokshop ka auna: layin da kake nema zai nuna sifili idan makulli yana kashe, ya nuna wajen 12 idan ka kunna.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Cire kan batir na negatib kafin ka taɓa komai. Sa fiyus mai amp 3 a kan layin mai wuta, kusa da inda ka ɗauko shi, domin idan wayar wuta ta goge ta taɓa ƙarfe, fiyus ya ƙone maimakon wayarin. Ka tuna tankin mai yana nan kusa. Liƙe mahaɗa da dalma ka naɗe da tef, ba murɗawa da ledar burodi ba. Bi da wayar wuta ta jikin firam, nesa da inji da salansa, ka ɗaure ta, ka bar mata sarari a wuyan babur yadda juyawa ba za ta tsinke ta ba. Kebul ɗin da ke shiga waya ya zama gajere, a ɗaure, don idan yana lilo yana cinye bakin caji. Idan ruwan sama ya sauko, zare shi. Ruwa da wuta a bakin caji tsatsa suke haifarwa.

Wanda babur ɗin ba nasa ba ne, ko ba ya son a taɓa masa wayarin, fawa-banki a jaka ko aljihun riga ya wadatar. Kar dai a ajiye shi kusa da inji ko a bar shi a rana.

Taswirar kanta

Mutane da yawa sun ɗauka GPS data yake ci. A'a. Waya tana sauraron sigina ne daga taurarin ɗan'adam da ke kewayawa a nisan kusan kilomita 20,200, kuma idan ta kama akalla huɗu sai ta lissafa inda kake. Abin da ke cin data shi ne sauko da hoton taswira da labarin cunkoso. Don haka idan ka samu Wi-Fi, sauke taswirar garinku a Google Maps, ko ka sa manhaja irin Organic Maps da ke aiki ba intanet. Da haka tsohuwar waya mara layi ma za ta yi maka jagora.

Tun 2019 Google Maps yana da zaɓin babur a Najeriya, wanda ke lissafa hanya da lokaci daidai da mai ƙafa biyu. Amma taswira ba ta san komai ba. Ba lallai ta san kwalbati ya karye jiya ba, ko an toshe layi saboda ɗaurin aure, ko wace hanya ce ba a bi bayan magariba, ko titin da gwamnatin jiha ta hana babura hawa. Idan ka shiga baƙon wuri, tsaya ka yi sallama ka tambayi mai shago. Matambayi ba ya ɓata.

Ido a titi

Duk wannan ɗawainiya manufarta ɗaya ce: hannunka biyu su zauna a kan babur, idonka ya zauna a titi. Idan kana gudun kilomita 40 a awa, kana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Ka kalli waya na daƙiƙa uku, ka yi mita 33 ido rufe. A cikin mita 33 akwai yaro mai tsallaka titi, akwai akuya, akwai motar da ta ci burki. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Kai fatarka ce bodi.

Saboda haka sa wurin da za ka kafin ka tayar da inji. Kunna muryar jagora, ka sa abin ji a kunne ɗaya kawai a cikin hular kwano, ɗaya kunnen ka bar wa hon ɗin mutane. Kashe sanarwar WhatsApp da TikTok, don holda ba talabijin ba ce. Idan ka ɓata hanya ko aka kira ka, sa tirafiketa, gangara gefe, tsaya, sannan ka taɓa waya. Dokar hanya ma ta hana latsa waya ana tuƙi, kuma jami'an FRSC suna kamawa a kai.

Ni ranar da tawa ta faɗi, waya kawai na rasa. Da na ba yayana labari, bai yi maganar kuɗinta ba. Ya ce, "Da kai ne a ƙarƙashin Keken nan fa, me zan gaya wa Umma?" Ban samu amsa ba.

Mun kusa kammalawa, iyaye suna jiran ranar da za mu kai musu sakamako. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya kai mu gida lafiya.