CIWON GAƁAR MUƘAMUƘI: BA KULLUM NE LAIFIN HAƘORI BA

Duk wanda ya ɗora yatsa a gaban kunnensa ya buɗe baki zai ji wani ƙashi yana motsi. Nan ne muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai ɗan guringuntsi da ke hana su gogar juna. Gaɓa ce wadda ba ta hutawa, don da ita ake tauna, ake magana, ake hamma.

In ta gaji, ciwonta yakan yi ɓad-da-kama. Wani ya ɗauka kunne ne, ya yi ta ɗiga magani. Wani ya ce haƙori ne, ya je a cire masa lafiyayyen haƙori, ciwo kuwa yana nan daram. Tun 1934 wani likitan kunne na Amurka, James Costen, ya nuna cewa ciwon da ake ji cikin kunne yana iya zama na wannan gaɓa. Alamominsa su ne zafi wajen tauna, ciwon kai a gefen ido, da baki da ya ƙi buɗuwa sosai. Baligi mai lafiya yana iya jera yatsu 3 tsakanin haƙoransa na sama da na ƙasa. Ciwon ya fi kama mata, musamman masu shekara 20 zuwa 40. Ƙarar ƙas-ƙas kuwa, in babu zafi tare da ita, ba ta bukatar magani.

Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da an yi masu aiki ba. Maganin farko shi ne hutu. A dakata da kilishi, da aya, da rake, da goruba, da cingam, har tsawon ƴan makonni. Goro ma haka, ko da yake shi ne dattawa suka fi jin nauyin rabuwa da shi. A koma ga kunu, da fura, da tuwo mai laushi. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a ɗora a wurin, minti 10 zuwa 15. In hamma ta zo, a tallafi haɓa da hannu.

Ma'aikacin biro ya kamata ya lura da kansa. Damuwa takan sa mutum ya datse haƙora bai sani ba, ko ya riƙa gurza su cikin barci, sai iyali su ba shi labari. In ba ci ake yi ba, leɓɓa ne ke haɗuwa, haƙora ba su taɓa juna. Ga mai gurza haƙora, likitan haƙori yana auna masa wata roba daidai bakinsa, ya riƙa sawa da dare.

Parasetamol ko ibuprofen suna rage zafi, amma a saye su a farmasi, ba wajen masu tallan ƙwayoyi ba. Mai gyambon ciki da mace mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita.

Akwai inda jira yake zama ganganci. In baki ya buɗe ya ƙi rufuwa, gaɓa ce ta goce. Ba a gyara ta da mari, sai a nufi asibiti, kamar babban asibitin ƙasa na Yamai ko na Lamorde a ƙetaren gulbi. In ya ɗaure bayan rauni, ana tsoron tetanos. Yaron da ya faɗi bisa haɓa a kai shi a duba, don gaɓar tana iya manne masa daga baya.

Haka ma ciwon da likitoci ke kira noma, ba noman gona ba, wanda ke cin kumatun ƙananan yara masu tamowa, ya bar muƙamuƙi a ɗaure. Ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram tun shekarun 1990, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yana farawa ne da kumburin dasashi da warin baki, a lokacin nan kuwa maganin antibiyotik yana tsayar da shi.