Dutsen Chappal Waddi, Randar Manoman Taraba

'Yan'uwa manoma, mu da muke noma a bakin kogi mukan manta mu tambayi inda ruwan yake fitowa. Bari mu dubi dutse guda domin mu gane.

Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, shi ne dutse mafi tsawo a Nijeriya duka. Tsawonsa mita 2,419 ne daga bakin teku, wato wajen ninki biyu na tudun da garin Jos yake kai. Yana cikin Jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru, kusa da tudun Mambila. Yana kuma cikin gandun daji na Gashaka-Gumti, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a shekarar 1991. Duk ƙasar nan ba gandun da ya kai shi girma. Akwai ɓauna a ciki, da dorina, da birai iri iri.

To, me ya haɗa wannan dutse da gonarmu? Ga yadda abin yake. Iska mai laima takan taso daga teku. In ta iske dutsen sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwa. Kurmin da yake gefen dutsen yakan tare ruwan, saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye su riƙe shi, sa'an nan ya riƙa tsattsafowa kaɗan kaɗan har cikin rani. Daga waɗannan duwatsu ne rafuffuka kamar Mayo Kam suke gangarowa su shiga Kogin Taraba, shi kuma ya zuba cikin Binuwai.

In aka sare kurmin, ko aka cinna masa wuta, ba abin da zai riƙe ruwan. Sai ya sauko gaba ɗaya da damina, ya kwashe ƙasa mai kyau, ya binne fadama da yashi. Da rani kuwa rafi ya ƙafe, mai lambu da mai shanu su shiga rigima a kan ɗan abin da ya rage.

Ba Taraba kaɗai ba, kowane tudu da ke bayan ƙauyenmu haka yake aiki. Saboda haka kada mu ƙone daji. Mu bar itatuwa a bakin rafi. In za mu yi kunya a gangare, mu gicciye ta. A taron ƙungiya na gaba, mu zauna mu shirya wanda zai lura da tudunmu.