GIZO-GIZO IRI-IRI: MASU ADO, MASU RAWA DA MASU SAƘAR ZINARIYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Gizo tun kafin ya san karatu, domin shi ne sarkin wayo a tatsuniya, shi da matarsa Ƙoƙi. 'Yan'uwanmu mazauna zango-zango a Gana kuma sun tarar Ashantawa suna da nasu Gizon, wanda suke kira Ananse. To amma gizo-gizon gaske, wanda uwargida ke bi da tsintsiya a kusurwar ɗaki, kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka dube shi da kyau. Ga shi kuwa halitta ce mai daraja, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma, watau Suratul Ankabut, wadda ke ɗauke da sunansa.

Masana da ke riƙe da babban kundin sunayen gizo-gizo a birnin Ban na ƙasar Suwizalan sun ba da sanarwa a shekarar 2022 cewa adadin irin da aka sani ya cika 50,000, kuma suna kyautata zaton akwai wasu kamar haka da ba a gano ba tukuna. Dukkansu ƙafa 8 gare su, saɓanin ƙwari irin su ƙuda da fara masu ƙafa 6, kuma yawancinsu ido 8 ne da su. Ga kaɗan daga cikin masu ban al'ajabi.

MAI RAWAR ƊAWISU

A ƙasar Ostareliya akwai wani ɗan mitsitsin gizo-gizo wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ana ce masa gizon ɗawisu. Namijin yana da wani fatari a bayansa mai launin ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Idan ya ga mace sai ya ɗaga fatarin nan sama ya baza shi, ya ɗaga ƙafafu biyu yana kaɗawa, yana taka rawa hagu da dama. In rawar ta gamshe ta, shi ke nan. In kuwa ba ta gamshe ta ba, ta kan juya ta bar shi, wani lokaci ma ta far masa ta cinye shi. Baturen da ya fara rubuta bayanin irinsa a 1874 ya ɗauka fatarin nan fiffike ne na tashi, sai daga baya aka gane kayan neman aure ne kurum.

A tsibiran Hawayi kuma, can tsakiyar tekun Fasifik, akwai wani ɗan rawaya mai ɓuya a ƙarƙashin ganye, wanda zanen bayansa ya yi kama da fuskar mutum yana dariya, ga idanu ga jan baki. Uwar ba ta barin ƙwanta, kuma in sun ƙyanƙyashe ita ke kamo wa 'ya'yan abinci.

ƘATON DAJI

Wanda ya fi kowa nauyi yana zaune ne a dazuzzukan Amurka ta Kudu, wajen Benezuwela da Giyana da arewacin Birazil. Nauyinsa ya kan kai giram 175, watau kamar ƙwan kaza uku, kuma in ya baza ƙafafunsa ya kan yi kusan ƙafa ɗaya. Ana yi masa laƙabi da mai cin tsuntsu, saboda wani zane da wata Bajamushiya mai suna Maria Sibylla Merian ta buga a 1705, inda ta nuna wani ɗan'uwansa ya danne ɗan ƙaramin tsuntsu. Amma a gaskiya abincinsa na yau da kullum tana ce da ƙwari da kwaɗi. Duk girman nan nasa, dafinsa ba ya kisan mutum. Makamin da ya fi dogara da shi gashin jikinsa ne, wanda ya kan karkaɗo wa abokin gaba, ya shiga ido da hanci ya yi ta ƙaiƙayi.

MASAƘAN MADAGASKA

A tsibirin Madagaska akwai gizo-gizo wanda zarensa ke fitowa da launin zinariya ba tare da an rina ba. Wasu mutum biyu, Simon Peers da Nicholas Godley, sun sa ma'aikata suna kamo matan kowace safiya, a zare musu zaren a hankali, sa'an nan a sake su su koma daji. Sai da aka yi amfani da gizo-gizo wajen miliyan 1 da dubu 200 kafin a sami abin da ya isa saƙa alkyabba ɗaya. An nuna alkyabbar nan a wani gidan ajiye kayan tarihi a Landan a 2012. Masu aikin gona a nan kudu sun san dangin wannan gizo, masu dogayen ƙafafu da ke kafa babbar yana mai ruwan ɗorawa tsakanin itatuwa.

Har ila yau a Madagaska ɗin, a 2010 aka ba da bayanin wani wanda ke ƙetare kogi da saƙarsa. Ya kan saki zare iska ta ɗauka har ya maƙale a ɗaya gaɓar, tsawonsa ya kan kai mita 25, sa'an nan ya rataya yanarsa a bisa ruwa ya jira ƙwari. Da aka gwada zaren sai aka ga ya ninka zaren da ake yin rigar kare harsashi wajen sau 10 a juriya.

MAI ALKAFURA DA MAI NUTSO

A cikin rairayin Sahara ta ƙasar Maroko akwai wanda in ya ga haɗari ba ya tsayawa gudu da ƙafa, sai ya shiga alkafura kamar ɗan wasa, yana cin mita 2 a daƙiƙa ɗaya. A 2014 aka sa masa suna. A Turai da arewacin Asiya kuwa akwai wanda ya mai da ƙarƙashin ruwa gidansa. Ya kan saƙa ɗan ɗaki a jikin ciyawar ruwa, ya riƙa hawa sama yana kwaso iska a gashin jikinsa yana cika ɗakin, a ciki yake ci, a ciki macen ke yin ƙwai. A ƙasar Meziko da maƙwabtanta ma an sami wanda yawancin abincinsa tohon ganyen wata ƙaya ne, abin da aka bayyana a 2009, alhali sauran danginsa duk mafarauta ne.

ABOKIN GABAR SAURO

Wanda ya fi dacewa mu sani shi ne wani ɗan ƙarami mai tsalle da ke zaune a bakin tafkin Biktoriya, a Kenya da Yuganda. Shi ba ya iya cizon mutum ya sha jini, amma in an ajiye masa abinci iri-iri, macen sauron da ta ƙoshi da jini ya kan zaɓa, musamman irin wadda ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Wannan ba zai ɗauke wa kowa gidan sauro ba, amma ya isa ya nuna mana amfanin halittar nan. Wasu masana biyu sun yi lissafi a 2017 cewa gizo-gizon duniya na cin ƙwari da makamantansu tan miliyan 400 zuwa 800 kowace shekara. Da babu su, da manomi da mai kwanan ɗakin haya a Legas ko Fatakwal duk sun ji a jikinsu.

A YI HATTARA, BA TSORO BA

Kusan kowane gizo-gizo yana da dafi, amma ƙalilan ne ke iya cutar da mutum. Ko a Ostareliya, inda ake da wani baƙi mai mugun dafi a kewayen birnin Sidni, tun da aka sami makarinsa a 1981 ba a sake jin ya kashe kowa ba. A nan Afirka ta Yamma akwai wani babba mai gashi da ke zama a kan bishiyar kwakwar manja, cizonsa na da zafi ƙwarai, saboda haka masu hawan itace da masu dakon nunu su lura da inda suke sa hannu. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu, in kumburi ko ciwo ya yi tsanani ya nufi asibiti, kada a tsaga wurin.

Ƙurajen nan kuma da mu kan ce tautau ne ya yi wa mutum fitsari, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi da ke zuwa wurin fitila da dare. In an murje shi a jiki ruwansa ke ƙona fata. Maganin abin shi ne a hure shi, kada a murje.

WANDA KYANSA YA JAWO MASA

A jihar Andira Firadesh ta ƙasar Indiya akwai wani babban gizo-gizo shuɗi shar, kamar sabon rinin Kano, mai ɗigon rawaya a ƙafafu. A 1899 aka fara samunsa a garin Guti, sa'an nan ya ɓace wa masana fiye da shekara 100. Dajin da aka san yana zaune bai kai murabba'in kilomita 100 ba, masu saran itacen wuta suna cinsa, ga kuma masu kama shi suna sayar wa masu kiwonsa a Turai da Amurka. A 2008 aka sa shi cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa.

Abin da ke faruwa a Indiya shi ke faruwa ko'ina aka sare daji ko aka yi ta feshin maganin ƙwari babu lissafi: mai cin ƙwarin ya mutu tare da su, ƙwarin kuwa su riga shi dawowa. Saboda haka, jama'a, a share yana a cikin ɗaki domin tsabta, wannan daidai ne. Amma wanda aka gani a gona ko a bayan gida yana aikinsa, a ƙyale shi, domin lebura ne da ba ya karɓar lada.