Mujalla Suna Ta Tara

Sau da yawa ɗalibi yakan kai wa malaminsa kundin bincike, a mayar masa da shi duk jan biro, don kawai ya kafa hujja da abin da ya tsinta a mujallar bakin titi. Haka nan ma'aikaci yakan kwaso alƙaluma daga irin wannan mujalla ya sa cikin takardar da za a kai wa babban sakatare, har a kashe kuɗin jama'a bisa lissafin da ba wanda ya tantance. Tushen kuskuren ɗaya ne: kalma guda muke da ita, wato mujalla, alhali kuwa abin da take nufi kashi uku ne.

Kashi na farko shi ne mujallun kowa da kowa, kamar Drum wadda aka fara bugawa a Afirka ta Kudu cikin 1951, da Newswatch wadda Dele Giwa da abokansa suka fara fitarwa a Legas cikin 1985. 'Yan jarida ne ke rubuta su da harshe mai sauƙi, ga hotuna ga tallace-tallace. Edita ke duba labari, kuma ba safai ake jera littattafan da aka duba ba. Suna da amfani wajen sanin abin da duniya ke ciki, amma ba a gina bincike a kansu.

Kashi na biyu shi ne mujallun sana'a, waɗanda ake yi domin ma'abota aiki ɗaya, kamar The Nigerian Accountant ta ƙungiyar akantoci ta ICAN. A ciki ake samun sababbin dokoki, da labarin kayan aiki, da sanarwar tarurruka. Masu sana'ar ne ke rubutu, saboda haka sun san abin da suke faɗi. Sai dai mai karatu ya tuna, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kashi na uku shi ne mujallun masana. Asalinsu ya koma 1665, shekarar da aka fara Journal des Sçavans a Faris da Philosophical Transactions a Landan. A ƙasar nan akwai misalin mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya da aka soma cikin 1956, da Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, Kano. Kafin a buga maƙala sai edita ya aika wa wasu masana fannin su auna ta, su ce a karɓa, ko a gyara, ko a ƙi. Alamominsu a fili suke: sunan marubuci da jami'arsa, taƙaitaccen bayani a farko, hanyar da aka bi aka yi binciken, sannan jerin manazarta a ƙarshe.

Duk da haka tantancewa ba ta hana kuskure. Cikin 1998 mujallar likitoci The Lancet ta buga wata maƙala da ta sa iyaye da yawa a Ingila suka guji allurar rigakafin ƙyanda, kuma sai a 2010 ta janye ta. Bugu da ƙari, intanet ta kawo mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome ba dubawa.

Saboda haka, kafin ka kafa hujja da wata mujalla, tambayi kanka abu uku: wa ya rubuta, wa ya duba, don wa aka buga? In ka rasa amsa, nufi ma'aikacin laburare. Matambayi ba ya ɓata.