Shirin Musamman: Adalci a Shari'ar Haƙƙoƙi a Gabashin Sakkwato

Shirin na yau ya duba shari'ar haƙƙoƙi ne a ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, wato ƙarar da mutum ke kai ɗan'uwansa kan gona ko gado ko aure ko bashi, wadda ta bambanta da tuhumar da hukuma ke yi wa mai laifi.

Alƙalanci ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan kuma aka binne shi a 1837, baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya wallafa Liya'ul Hukkami domin shiryar da masu mulki da masu hukunci. Har yau kotunan shari'ar Musulunci suna bin mazhabar Malikiyya, suna dogaro da littattafai irin su Muhtasar da Tuhfa.

Rigimar fili takan yi zafi a fadamun kogin Rima, inda ake noman albasa da tafarnuwa da shinkafa, domin idan ambaliya ta share kunyar da ke raba gona da gona, sai shaidar maƙwabta ta zama abin dogaro. Ƙa'ida a nan ita ce, mai ƙara shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Akwai kuma hauzi, wato daɗewar gona a hannun wanda ba dangi ba har shekara 10 yana nomanta, alhali mai iƙirari yana nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, wanda ke zubar da ƙararsa, sai fa idan an tabbatar cewa aro ne ko jingina.

Kafin yanke hukunci wajibi ne alƙali ya yi i'izari, ma'ana ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, kuma barin wannan tambaya kaɗai kan isa kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shari'ar. Wannan ya dace da sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci.

Abin da ke ɓata wannan tsari sananne ne: toshiyar baki, da shaidar zur, da fifita mai hali a wurin zama, da yawan ɗage ƙara har damina ta wuce manomi yana zaryar kotu, ko matar mamaci ta gaji da bin tumunin takabarta ta haƙura.

Don haka ana kira ga alƙalai su daidaita masu husuma a zama da saurare, shaidu su ji tsoron Allah, jama'a kuma su riƙa rubuta aro da jingina a gaban shaidu tun ranar da aka ƙulla su.